IYAKAR NAUYIN INJINAN NOMA A KAN HANYOYI DA GADOJI: BAYANI GA AL'UMMAR BATSARI DA SAFANA

Gabatarwa

Ƙananan Hukumomin Batsari da Safana suna yammacin Jihar Katsina, a gefen Dajin Rugu, kuma mafi yawan al'ummarsu manoma ne da makiyaya. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da rogo da ake nomawa a Ruma da Wagini da Karare, ko a Runka da Zakka da Babban Duhu, dole ne su bi hanya kafin su isa kasuwa, haka kuma taki da iri dole su bi wannan hanya kafin su isa gona. A da, jaki da raƙumi da amalanken shanu ne ke wannan aiki. A yau tarakta, wadda jama'a ke kira tantan, ita da tirelar da take ja sun karɓe kaso mai yawa na aikin, kuma adadinsu ƙaruwa yake yi, musamman tun da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ƙaddamar da cibiyar injinan noma ta jiha a Katsina cikin watan Mayun 2025.

Wannan ci gaba abin farin ciki ne, amma yana tafe da nauyi a wuyanmu. Kowace hanya da kowace gada da kowane kwalbati suna da iyakar abin da za su iya ɗauka. Idan kwalbati ɗaya ya rufta a tsakiyar damina, ba buhunan mai tarakta kaɗai ke tsayawa ba. Mace mai naƙuda ba za ta isa asibiti a kan lokaci ba, malamin makaranta ba zai isa aji ba, kuma a yankin da ya daɗe yana fama da matsalar 'yan bindiga, motar jami'an tsaro ba za ta iya kai ɗauki ba. Dalilin da ya sa muka shirya wannan bayani ke nan, domin manoma da direbobi da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san yadda ake gane iyakar nauyi, da yadda ake lissafa shi kafin a tashi.

Iyakoki uku ne, kuma mafi ƙanƙanta ake bi

Duk wanda zai fito da injin noma kan hanyar jama'a yana fuskantar iyakoki uku. Na farko shi ne iyakar da kamfanin da ya ƙera tarakta ko tirela ya ɗiba mata, wanda galibi akan buga shi a wani ɗan faranti na ƙarfe a jikinta, ko a rubuta shi cikin littafin da ke zuwa tare da ita. Na biyu shi ne iyakar da doka ta sanya wa ababen hawa. Na uku shi ne ƙarfin hanyar kanta, wato abin da gada ko kwalbati mafi rauni a tsakanin gona da kasuwa zai iya jurewa. Ƙa'idar ita ce a dubi waɗannan uku a bi wanda ya fi ƙanƙanta. A hanyoyin karkara irin namu, sau da yawa na ukun ne ya fi ƙanƙanta, kuma shi ne aka fi mantawa da shi.

Abin da doka ta tanada

Ba a auna nauyin mota a dunƙule kawai. Ana kuma duba nauyin da ke sauka a kan kowane aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, domin ta nan ne kaya ke danna ƙasa. A shekarar 2012 shugabannin ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince da ƙa'ida ɗaya a kan wannan batu. Bisa ga ƙa'idar, aksil na gaba ba zai wuce tan 6 ba, aksil guda na tsakiya ko na baya ba zai wuce tan 11 da rabi ba, ko tan 12 idan tayoyinsa bibbiyu ne a kowane gefe, sannan babbar tirela mai aksil shida ba za ta wuce tan 51 ba, ita da kayanta. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta fitar da nata ƙa'idojin na girma da nauyin manyan motocin ɗaukar kaya a ƙarƙashin Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya. Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, inda motocin yankinmu ke shiga ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta fice daga ECOWAS a 2025, amma ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2005 da ta shafe ta tana ɗauke da irin waɗannan alƙaluma. Bugu da ƙari, lodin da ya wuce ƙima laifi ne a ƙarƙashin ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na 2012, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke aiwatarwa.

Sai dai wajibi ne a fahimci cewa waɗannan alƙaluma an tsara su ne domin manyan motoci da manyan hanyoyi masu kwalta. Ba su nufin cewa kowane kwalbati da ke bayan gari zai ɗauki tan 11 da rabi. Da yawa daga cikin kwalbatocin karkara ƙananan hukumomi ko ƙungiyoyin aikin gayya ne suka gina su tun shekaru masu yawa, lokacin da mafi nauyin abin da ke bi ta kansu bai wuce amalanke ko akori-kura ba. Saboda haka mutum zai iya kasancewa bai karya dokar tarayya ba, amma ya karya kwalbatin garinsu.

Me ya sa ɗan ƙari ke yin babbar ɓarna?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan aka ninka kaya sau biyu, ɓarnar da za su yi wa hanya ita ma sau biyu ce. Binciken injiniyoyi ya nuna ba haka abin yake ba. Tsakanin 1958 da 1960 an gudanar da wani babban gwaji a garin Ottawa na Jihar Illinois ta Amurka, inda aka gina hanyoyi na musamman, motoci masu nauyi daban-daban suka yi ta zagaya su har kwaltar ta lalace. Abin da aka gano shi ne, idan nauyin aksil ya ninka sau biyu, ɓarnarsa kan ninka kusan sau 16. Ko ɗan ƙari daga tan 11 da rabi zuwa tan 14 ya isa ya mai da ɓarnar fiye da ninki biyu. A kan hanyoyi masu kwalta aka yi wannan gwaji, amma darasinsa ya shafi hanyar burji, wadda ta fi kwalta rauni.

Hanyar burji kuwa ƙarfinta yana tafiya ne da yanayi. Da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, takan ɗauki kaya masu nauyi ba tare da ta nuna gajiya ba. Daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman cikin Agusta da ruwa ke yawaita, ƙasar da ke ƙarƙashinta takan jiƙe ta yi laushi. Taya mai nauyi sai ta nutse ta bar kwari, ruwa ya bi kwarin, kafin mako biyu ya zama zaizaya. A ƙasa mai rairayi irin ta yawancin yankinmu, wannan zaizaya ba ta ɗaukar lokaci kafin ta raba hanya biyu.

Yadda ake lissafin nauyi ba tare da sikeli ba

Babu sikelin auna motoci a bakin gona, amma kowane manomi ya iya ƙirga buhu, kuma wannan ya wadatar. Tan ɗaya kilo 1,000 ne. Buhun takin zamani kilo 50 ne, don haka buhu 20 tan ɗaya ne. Babban buhun hatsi yakan kai kimanin kilo 100, don haka buhu 10 tan ɗaya ne. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, wato tankin lita 5,000 tan 5 ne, ban da nauyin tankin kansa. Yashi da burji da duwatsu sun fi hatsi nauyi nesa ba kusa ba, kuma jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshe, saboda haka tirelar da aka cika da yashi har baki takan wuce iyakarta ko da a ido ba ta yi tudu ba. Haka ɗanyen rogo da jiƙaƙƙen takin gargajiya suke.

Matsakaiciyar tarakta irin Massey Ferguson 375, wadda aka fi sani a ƙasarmu, nauyinta bai wuce tan biyu da rabi zuwa uku ba. Wannan ya nuna cewa ita kanta tarakta ba ita ce matsalar ba, abin da take ja ne. Mu ɗauki misali da tirela mai aksil ɗaya da aka ƙera domin tan 5, wadda nauyinta ba kaya tan ɗaya da rabi ne. Idan aka ɗora mata buhu 50 na masara, ita da kayanta tan 6 da rabi ne. Kimanin tan ɗaya zai sauka a maratayar tarakta, tan 5 da rabi su sauka a kan aksil. Idan aka ƙara kayan suka zama buhu 80, abin da zai sauka a kan aksil ya kai tan 8. Ƙarin buhu 30 ne kawai, amma bisa lissafin da muka ambata a sama, ɓarnar ta ninka fiye da sau huɗu. Da a ce mai kayan ya raba su sawu biyu, buhu 40 kowane sawu, ɓarnar sawayen biyu a haɗe ba za ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na ɓarnar sawu ɗaya mai buhu 80 ba.

Mun sani cewa sawu biyu na nufin ƙarin man dizal da ƙarin lokaci, kuma wanda ya ɗauki hayar tarakta yana son ya ci moriyar kuɗinsa. Amma a gwada kuɗin man sawu ɗaya da kuɗin taya da ta fashe, ko aksil da ya karye, ko amfanin gonar da ya zube cikin ƙorama. Hausawa na cewa garin neman gira akan rasa ido.

Akwai kuma batun rai. Yawancin tirelolin da ake ƙerawa a gida ba su da birki nasu, birkin tarakta kaɗai ake dogaro da shi. Tarakta mai tan 3 da ke jan tan 9 ko fiye a gangaren shiga ƙorama, kayan ne ke tura ta, ba ita ke jan su ba. Idan kuma an yi wa lodin tsawo, ga mutane zaune a kan buhuna, ɗan karkata kaɗan a gefen kwalbati ya isa ya kifar da ita.

Gada da kwalbati ba ɗaya suke ɗaukar kaya ba

Doguwar gada tana ɗaukar jimillar nauyin duk abin da ke kanta a lokaci guda, wato tarakta da tirela da kaya da duk motar da ke biye. Shi ya sa ake son a riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, kada biyu su haɗu a kai. Gajeren kwalbati kuwa aksil ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, don haka aksil mafi nauyi shi ne abin dubawa. Kwalbatin da aka yi da zoben kankare ƙarfinsa yana ga ƙasar da aka rufe shi da ita, domin ita ke baza nauyin taya. Idan ruwa ya wanke wannan ƙasa har bayan zoben ya fito fili, taya za ta taka shi kai tsaye, kuma a nan ne yake tsagewa.

Gudu ma yana ƙara nauyi. Tayar da ta faɗa rami a bakin gada da gudu tana dukan kankaren ne kamar guduma. Har ila yau, sabon kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfin da aka tsara masa, saboda haka cire shingen da ma'aikata suka sa a sabon kwalbati domin a wuce da kaya ɓata aikin ne tun kafin a fara cin moriyarsa.

Inda aka kafa alama mai zagayen ja da lamba a tsakiya tare da harafin t, wannan lamba ita ce iyakar tan da aka yarda ya hau. Inda babu alama, sai a duba da ido. Alamomin haɗari su ne: tsagewa a jikin kankare, rodi da ya fito yana tsatsa, ramin da ruwa ya haƙa a ƙarƙashin tushe ko bayan bangon gefe, lotsawar ƙasa a daidai inda hanya ta haɗu da gada, da toshewar bakin kwalbati da yashi ko kara. Duk direban da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya rage kaya ko ya sauya hanya, sannan ya sanar da mai unguwa. Bayan ruwa mai ƙarfi kuwa, a dakata har ƙorama ta janye a ga tushen da ido, domin ɓarnar ruwa daga ƙasa take farawa.

Ba nauyi kaɗai ke kashe hanya ba

Haro da rija da garma suna da faifai da haƙoran ƙarfe. Idan direba ya fito kan hanya bai ɗaga su sama ya ɗaure ba, sukan yanka kwalta su tone burji. Haka kuma ɗabi'ar yin kwana a kan titi yayin huɗa, maimakon a bar wurin juyawa a cikin gona, tana cinye gefen hanya, ta cika magudanar ruwa da ƙasa. Noma har bakin titi shi ma yana toshe magudana, ruwa ya rasa wurin bi sai kan hanya. Katafila da duk injin da ke tafiya a kan sarƙar ƙarfe ba a tuƙa su a kan kwalta, a babbar motar ɗaukar injina ake ɗora su. Manyan injinan girbi kuwa wasunsu sun haura tan 10, kuma faɗinsu yakan cinye hanya, don haka kafin a shigo da su sai an bi hanyar an duba kowace gada, an kuma sa mai yi musu jagora a gaba.

Ya kamata mu ambaci manyan motocin da ke hidimar noma. Tirelar da ta ɗauko buhu 600 na taki tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kanta. Irin wannan mota ta babbar hanya ce, kamar wadda ta taso daga Katsina zuwa Batsari, ko daga Dutsin-Ma zuwa Safana. Abin da ya dace shi ne a sauke kayan a babban gari, a rarraba su zuwa ƙauyuka da ƙananan motoci da taraktoci da amalanke. Haka ma da kaka, a fito da hatsi zuwa bakin babbar hanya, maimakon a kira babbar mota ta shiga har masussuka.

Wa ke da alhakin me?

Hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne: na tarayya, waɗanda hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ke gyarawa, na jiha, waɗanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi ta KASROMA, da na ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin gina hanyoyi da magudanan ruwa na yankunansu da kula da su, tare da ba da lasisin kekuna da amalanke. Jihar Katsina tana kuma cikin jihohin da ke cin gajiyar shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Hanyar da aka gina da irin wannan kuɗi bashi ce da 'ya'yanmu za su taya mu biya, bai kamata ta mutu kafin lokacinta ba.

Ga ma'aikatan sashen ayyuka na ƙananan hukumomin biyu, shawararmu ita ce a buɗe littafi mai ɗauke da sunan kowace gada da kwalbati, da wurin da yake, da irin gininsa, da halin da yake ciki. A zagaya su sau biyu a shekara, da bazara kafin ruwa ya sauka, da kuma farkon kaka kafin jigilar amfanin gona ta kankama. Wanda aka ga yana da rauni, a nemi injiniya ya tantance shi ya faɗi iyakarsa, a rubuta a allo da Hausa, a boko da ajami, da adadin tan da kuma adadin buhu, domin buhu shi ne ma'aunin da kowa ya sani. Kada jami'in da ba injiniya ba ya ƙirƙiri lamba da ka, domin lambar da ta yi yawa tana jawo haɗari, wadda ta yi kaɗan kuma jama'a ba za su bi ta ba.

Ga iyayen ƙasa, tun daga Sarkin Ruma Hakimin Batsari da Yariman Katsina Hakimin Safana har zuwa dagatai da masu unguwanni, maganarsu ta fi kowane allo tasiri. Su ne za su iya tara masu taraktoci da 'yan kamasho a yi yarjejeniya a kan adadin buhun da za a riƙa ɗorawa, su ne kuma za su shirya aikin gayyar yashe bakin kwalbati kafin damina. Malaman gona na hukumar KTARDA za su iya sanya wannan bayani cikin abin da suke koya wa manoma, jami'an KASSAROTA da na duba lafiyar motoci kuma su fara da wayar da kai kafin hukunci.

Ga direba da mai tarakta, abubuwan kiyayewa su ne kamar haka:

1. Ka san iyakar tirelarka, ka rubuta adadin buhun da take ɗauka da fenti a jikinta.
2. Ka ƙirga kaya kafin ka tashi, ka baza su daidai, kada su taru a baya ko gefe ɗaya.
3. Da damina ka rage lodi, kada ka bi hanyar burji da kaya a ranar da aka yi ruwa mai yawa.
4. Ka ɗaga haro da rija ka ɗaure su kafin ka hau titi.
5. Ka hau gada a hankali, ta tsakiya, kai kaɗai, kada ka tsaya ko ka taka birki da ƙarfi a kanta.
6. Kada ka ɗauki mutane a kan kaya ko a kan marataya.
7. Idan tafiyar dare ta kama, ka tabbata akwai fitila da abin ƙyalli a bayan tirela.

Kammalawa

Gina kwalbati yana cin watanni, ana jiran kasafin kuɗi da ɗan kwangila, amma rushe shi aikin minti ɗaya ne. Muna kira ga al'ummar Batsari da Safana da su ɗauki kowace gada da kowane kwalbati a matsayin dukiyarsu, su kai rahoton duk wata tsagewa ko zaizaya ga mai unguwa ko sashen ayyuka na ƙaramar hukuma tun tana ƙarama, sannan kowane mai kaya ya ƙirga buhunansa kafin ya ce wa direba a tafi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya kuma zaunar da yankinmu lafiya.